Mayafin Zumunta Da Dutsen Guga

Ran Asabar ɗin da ta wuce aka aurar da jikata, kuma ban bar filin bikin ba sai da masu kwalliyar wuri suka fara kwance kayansu. Daga Mararaba aka ɗauko su, da motarsu da tsaninsu da bandir-bandir na net, wannan siririn yadin mai ƙananan huji kamar gidan sauro. Sun naɗe ƙafafun kanofi da shi, sun ɗaure bayan kujeru, sun yi wa amarya wata rumfa da ta fi ɗakin da aka haife ni girma. Da taro ya watse sai na ga suna fizgarsa kamar ya yi musu laifi, suna tattake shi da takalmi, wanda ya yage su wurga a kwata. Na ce wa ɗaya daga cikinsu, "'Yata, a hankali mana, yadi ne fa." Ta dube ni tana dariya ta ce, "Mama, net ne kawai, gobe ma sai mu sayo wani." Ba laifinta ba ne. Ba ta san lokacin da net ɗaya tak gare mu a majami'armu ba, kuma mutuncin 'ya mace a jikinsa yake rataye.

A lokacin Keffi ba ta kai haka ba. Mu a Jigwada muke, a gida mai ɗaki uku, Baba yana koyarwa a firamare. Ba ƙarar janareto ke tashinmu ba, sautin turmi ne daga gida zuwa gida, da kiran sallar asuba daga cikin gari, sai can gari ya yi haske a buga tsohon ƙarfen wilin mota da aka rataye a mangwaron majami'a. Kowace yarinya da aikinta. Babbar 'yar gidanmu, wadda duk muke kira Yaya, ita ce mai daka da tuwo. Ni kuwa guga aka bar mini, kuma ina ji da kaina a kanta ba kaɗan ba. Dutsen gugarmu na gawayi ne, baƙi, mai nauyi, da ɗan zakaran ƙarfe a baki wanda ake kulle murfin da shi. Na san yadda ake fifita garwashi har ya yi jajur, na san a lashi yatsa a ɗana a ji ya ce cas, na san a murza shi kan ganyen ayaba in zafin ya yi yawa. In na goge kakin Baba, karin wandon sai ya kwana uku bai kwanta ba. Baba kan ce wa baƙi, "Wannan 'yar, ko ruwa ka ba ta sai ta goge maka shi." Yabon nan ya shiga kaina ya samu wurin zama. Yaran yanzu da ke jona waya a bango su murza maɓalli ba za su gane yadda mutum zai yi taƙama da guga ba, amma ni ina 'yar shekara goma sha huɗu ba ni da wata sarauta sai ita.

Mayafin amarya kuwa ba na kowa ba ne, na zumuntar mata ne. Matan sun haɗa hannu aka sayo musu shi daga Jos tun ban yi wayo ba, don ba a sayar da net a kasuwar Keffi a lokacin. Fari ne sol, da ɗan gajeren gefe da ke rufe fuska, da doguwar wutsiya mai bakin leshi da ke jan ƙasa. Uwar zumunta ce ke ajiye shi, wata doguwar tsohuwa mai sanda da muke kira Mama Babba, wadda ko fasto yakan gyara tsayuwa in ta yi gyaran murya. A akwatin ƙarfe take sa shi, tsakanin farin zane biyu, da kafur. Ran Juma'a ta kai shi gidan amarya, ran Asabar da safe ta dawo ta yafa mata da hannunta, ran Litinin a mayar mata. Amma ba kowace amarya take yafa wa ba. In yarinya ta yi ciki kafin aure, za a ɗaura auren, sai dai da ɗankwali za ta shiga. Babu sanarwa, babu mai cewa uffan. Jama'a kawai su juyo su dubi kan amarya a bakin ƙofa, shi ke nan an gama shari'a, kuma hukuncin yakan bi mace har kan jikokinta. Yau amarya a waya take zaɓen mayafi, in ta ga dama ma ta shiga ba shi, ba mai ko ɗaga gira. Ban ce na dā ya fi ba, don akwai mugunta a cikinsa. Amma haka muka same shi, haka kuma muke tsoronsa.

An sa bikin Yaya ne bayan Kirsimeti. Sai aka yi wa angon, wani malamin makaranta ɗan Gitata, canjin wurin aiki zuwa nesa, ya ce ba zai tafi ya bar ta ba. Aka matso da biki zuwa ƙarshen damina. Wannan kaɗai ya ishi unguwa. Matar direban da ke maƙwabtaka da mu ce ta fara, a bakin famfo, da irin muryar nan ta ƙasa-ƙasa da ake ji har titi. Ta ce, "Auren da ake gudu da shi haka, ai akwai abin da ke korarsa." Kafin mako ya zagayo, mata suna gaishe da Yaya idonsu a kan cikinta. Har uwar angon ta aiko ƙanwarta, wai gaisuwa, matar ta wuni a gidanmu tana lura da abin da Yaya ke ci da wanda take turewa. Yaya ba mai yawan magana ba ce. Ta rame, ta daina zuwa famfo, ramar ma aka ce alama ce. Sau ɗaya na ji ta ce wa mahaifiyarmu, "Mama, ku bar su. Ran Asabar za su ga kaina."

Ran Juma'ar da Mama Babba ta kawo mayafin ina can wurin niƙa da dawa, don haka ban ji gargaɗin da take yi wa kowane gida ba: kada a wanke shi, kada a matse shi, kada wuta ta kusance shi, in ya yi kari a rataye shi kusa da tururin ruwan zafi zai saki da kansa. Kowa a gidan ya ji, kowa kuma ya ɗauka ni ma na ji. Asabar ta waye gida cike. Mata suna tsintar shinkafa, tukwane a kan murhu, 'yan Gitata sun iso a bayan akori-kura suna waƙa da yarensu. Yaya tana wanka. Na gama goge rigar Baba da zanen Mama, garwashi da sauransa, sai idona ya faɗa kan mayafin a gadon Mama, duk layin ninki ya fito a jikinsa. Zuciyata ta ce, yau fa duk gari kan Yaya zai kalla, sai a bari ta shiga da kari kamar daga akwati aka ciro ta? Na tura ƙofa, na shimfiɗa bargo a ƙasa, na baza wutsiyar a kai. Har ƙara fifita garwashin na yi, don ina so a tambayi wanda ya yi aikin.

Ban ma kai ga gogawa ba, ɗora dutsen kawai na yi. Na ji wani ɗan sauti shuu, sai warin robar da ta faɗa wuta ya bugi hancina. Da na ɗaga, babu yadi a wurin. Ga siffar dutsen guga nan cif, da tsininsa da gindinsa, gefen ya ƙanƙance ya yi ruwan ƙasa, ina ganin bargo ta ciki. Tsakaninsa da bakin leshin bai wuce tafin hannu biyu ba. Na taɓa wurin da yatsa ko zai dawo. Bai dawo ba.

Abin da na yi bayan nan, har yau ina jin kunyarsa. Na ninke mayafin, hujin a ciki, na mayar kan gado, na fita na zauna cikin masu tsintar shinkafa kamar mutuniyar kirki. Ina zubar da shinkafa ina ajiye tsakuwa, har wata goggo ta mangare ni ta ce ko ni ce amaryar da hankalina ya tafi. Matar direba ta shigo da ɗaurin ɗankwalinta na manyan ranaku, ta leƙa tukunya, ta ce wa ta kusa da ita, "Yau dai za mu gani." Sai aka buga ƙarfen farko, na ƙarfe tara, kuma ƙarfe goma ne ɗaurin aure. Na yi ta gaya wa kaina cewa baƙi da yawa sun shiga ɗakin, ba wanda zai san ni ce. Amma wa ke guga a gidan nan in ba ni ba? Kuma ko an gane ko ba a gane ba, in Mama Babba ta buɗe shi a gaban matan nan ta naɗe kayanta ta tafi, Yaya ce za ta shiga da ɗankwali, ba ni ba. Da wannan ya zauna mini, na tashi na nufi wurin Yaya.

Na same ta a ɗaki an sa mata farar riga, Mama tana shafa mata hoda. Na ce, "Yaya, ki dubi mayafin." Ta ce, "Me ya same shi?" Na warware mata shi kawai. Na so ta mare ni, na so ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado, ta zura hannu ta cikin hujin har wuyan hannu, ta dube ni ta ce a hankali, "Kin kashe ni." Mama ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah. Daidai nan muka ji ƙwanƙwasar sanda a kan siminti, Mama Babba ta ɗaga labule.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Wa ya yi?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Mama."

"Ba a gaya miki ba?"

"Ina wurin niƙa, Mama."

Ta fara ninke shi. Ta ce, "Ba zai shiga majami'a ba. Abin da wuta ta taɓa, 'yan Gitata za su ce mugun abu ne, dattawa su ce a cire shi a bakin ƙofa, wannan kuwa ya fi muni. Ni da kaina zan tsaya in gaya wa jama'a ƙonewa ya yi."

Yaya ta zube a ƙasa da farar rigarta. Ta ce wa tsohuwar, "Mama, wa zai yarda? Cewa za su yi ƙona shi muka yi don a rufa mini asiri. Cewa za su yi tausayina kika ji."

Mahaifiyarmu ta ce ko a yanke wurin. Mama Babba ta ce ba nata ba ne da za ta sa masa almakashi, kuma in leshin ya tafi ko yaro zai gane. Faci kuwa, da me? Net mafi kusa yana Jos. A waje kuma matan zumunta sun fara buga tulu suna kiran amarya ta fito. Mama Babba ta ɗago haɓar Yaya da yatsa. Ta ce, "Dube ni. Akwai abin da ya kamata in sani?" Yaya ta ce, "Babu, Mama. Allah ne shaidata." Tsohuwar ta saki haɓarta. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke, mai guga, kawo hannunki."

Ta tattara wurin da ya ƙone, ta yi masa ƙananan ninki kamar tana tsara bakin siket, ta sa a tafina na dama, ta rufe yatsuna a kai da ƙarfinta. Ta ce, "Yau ke ce mai riƙe wutsiya. Daga nan har fasto ya sa albarka, in kika buɗe hannun nan, ki nemi wani garin." 'Yan yara biyu da aka yi wa ɗinki don wannan aiki aka sallame su suna kuka. Ni aka zura mini rigar Lahadin wata 'yar goggo, tsohuwar ta riƙe mini ninkin har na sa hannu sannan ta mayar mini, ina warin hayaƙi.

A ƙafa muka tafi, mata na waƙa gaba da baya. Ni ban ga hanya ba, bayan Yaya kawai nake kallo, don in na yi nisa zan fizge mayafin daga kanta, in na matsa zan take shi. A bakin ƙofar majami'a na ga abin da Yaya ta yi makonni tana jira. Kawuna suka juyo layi bayan layi, idanu suka hau kanta, suka tsaya a kan farin net. Wani numfashi ya ratsa ɗakin. Na hango matar direba ta taɓe baki ta mai da ido kan littafin waƙa. Da a ce nan aka gama, da na ji daɗi. Amma fastonmu ba ya gajeren wa'azi ko ran jana'iza, balle ran aure. A tashi, in tashi. A durƙusa, in durƙusa da hannu a sama. Gefen da ya ƙone ya yi tauri yana sukar tafina, gumi yana bin gwiwar hannuna, yatsuna suka fara zafi, daga baya na daina jinsu gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro, don ban san ko a rufe suke ba sai na duba. Wata tsohuwa a bencin gaba ta raɗa mini, "Saki ya kwanta a ƙasa mana, ai an iso." Na yi kamar kurma. Da fasto ya tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana auren nan, uwar angon ta yi tari, ni kuwa sai da na ji kamar zan saki fitsari. Tarin ne kawai. Fasto ya haɗa hannuwansu ya sa albarka, guɗa ta tashi, ni ina tsaye hawaye na zuba ba hannun sharewa.

Na manta da mai hoto. A lokacin hoto ɗaya ake yi a ƙofar majami'a, kuma al'ada ce a jawo wutsiyar mayafi gaba a baza ta a ƙasa don leshin ya fito. Mai hoton ya tsara mutane, ya ce, "'Yan mata, saki a baza." Na tsaya ƙiƙam. Ya sake faɗa. Na nemi Mama Babba da ido ban gan ta ba. Sai uwar angon ta fito daga layi ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "Wace irin yarinya ce wannan mai taurin kai? Tun safe nake kallonki. Me kuke ɓoyewa a gidan nan?" Hayaniya ta lafa. Mutane suka matso, matar direba a sahun gaba.

Yaya ta juyo ta ce, "Saki, ƙanwata. An riga an gama." Na yi ƙoƙari, yatsun suka ƙi. Sai ta sunkuya da farar rigarta a gaban kowa, ta riƙe hannuna, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Net ya zube ƙasa, siffar dutsen guga ta bayyana a tsakar rana. Wani daga baya ya ce, "Kai, dutsen guga!" wasu suka fashe da dariya. Uwar angon ta ja da baya tana cewa, "Wuta? Mayafin da wuta ta ci kuka sa wa matar ɗana?"

Sandar Mama Babba ta bugi dakali. Ashe tana bayanmu. Ta ce, "Yadi ne ya ƙone, ga kuma mai laifin nan, ni da ita ran Litinin. Amarya kuwa ni na yafa mata da hannuna, ina sane. Shekara nawa ina yafa wa 'ya'yanku? Wadda ta taɓa ganin na yafa wa yarinyar da bai kamata ba, ta fito nan ta faɗa." Ta bi matan da ido ɗaya-ɗaya, ta ɗan daɗe a kan maƙwabciyarmu. Ba wadda ta fito. Ta ce wa mai hoto, "Ɗauka haka." Haka kuwa ya ɗauka.

Ran Litinin na kai wa Mama Babba mayafin ina jiran bulala. Sai ta miƙo mini allura. Ta zaunar da ni wuni guda ina tattara wurin ƙunar ina warwarewa, har sai da ya koma fure mai kyan gani, kuma amaren da suka biyo baya sun ɗauka haka aka sayo shi. Daga wannan furen hannuna ya koyi net, na kuma yi shekaru ina yi wa amaren garin nan kwalliya. Yaya har ta koma ga Ubangiji ba ta sake ambata mini dutsen guga ba, ko da wasa, kuma wannan shirun nata ya fi mini bulala ciwo. Ina kewarta ƙwarai.

Amma bakin famfo bai mutu gaba ɗaya ba, don akwai masu cewa a dai jira a ga wata. Muka jira. Ranar da saƙo ya zo cewa Yaya ta haihu, Mama ta ce a je a gaya wa dangi, na ce ni zan je. Ban fara da dangi ba. Na tarar da matar direba a famfo tana tara ruwa, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce, "Mama, Yaya ta sauka shekaranjiya, namiji." Ta ce barka, Allah ya raya. Ban tashi ba. Na zuba wa hannunta ido, na ga yatsunta suna motsi a gefen bokiti tana ƙirga watanni daga ranar biki, ta gama hannu ɗaya, ta gama na biyu, ta sake komawa na farko. Ruwa ya cika yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Sai da na ga ta kai goma sha huɗu sannan na miƙe na kama hanya.